Talabijin na HD na farko da na'urar faifai: me zan saya idan kuɗin ba yawa?

Tambaya: Malam, tsohon talabijin ɗinmu mai ƙusumbi ya mutu bayan ya daɗe yana yi mana aiki. Ina son sayen na bango mai HD, in haɗa da na'urar kallon faifai, domin ina da tarin faya-fayen DVD da ba na son rabuwa da su. Abin da na tara bai taka kara ya karya ba. Na leƙa wajen masu sayarwa sai kaina ya ɗaure: wannan an rubuta masa HD Ready, wancan Full HD, wani 4K, wani Smart. Wanne zan ɗauka? Kuma na'urar DVD zan sake saya ko Blu-ray?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka koma wajen masu sayarwa akwai abu biyu da za ka yi a gida, kuma ba su cin ko sisi. Ka samu tef ɗin awo ka auna daga inda kake zama zuwa bangon da za a rataye talabijin ɗin. Sannan ka zauna ka faɗa wa kanka gaskiya game da abin da za ka riƙa kallo a kansa kullum: faya-fayen nan naka ne, tashoshin dish ne, ko finafinan intanet? Na shafe shekaru ina gyara talabijin ina kafa su a gidajen mutane, kuma akasarin masu cizon yatsa da na gani ba mummunan kaya suka saya ba. Lambar da ke jikin kwali suka saya, ba su yi la'akari da ɗakinsu da abin da za su zuba wa talabijin ɗin ba.

Hoton da kake gani a allo ɗigo-ɗigo ne na haske, an jera su a kwance da tsaye kamar saƙar tabarma. Ban da Smart, duk waɗannan sunaye da suka ɗaure maka kai ƙidayar ɗigon nan ce kawai. Mafi ƙanƙantar HD shi ne 720p, ɗigo 1280 a kwance, 720 a tsaye. Wanda aka rubuta wa HD Ready yawanci 1366 ne a kwance da 768 a tsaye, wato ɗigo miliyan ɗaya da ɗan abin da ya ɗora. Full HD, wanda ake kira 1080p, yana da 1920 da 1080, ya haura miliyan 2 kaɗan. Shi kuwa 4K 3840 ne da 2160, kimanin miliyan 8.3. A takarda babban ya fi, babu musu. Sai dai ido yana da iyaka. Lafiyayyen ido yana iya rarrabe ɗigon Full HD ne idan tazarar zamanka ba ta wuce faɗin allon sau ɗaya da rabi da ɗan kaɗan ba, faɗin da ake aunawa daga kusurwa zuwa kusurwa. A talabijin mai inci 32 wannan mita 1.3 ke nan. A mai inci 43 kusan mita 1.7, a mai inci 55 kusan mita 2.2. Don ka ci moriyar 4K baki ɗaya a inci 55 sai ka matso kusan mita ɗaya daga allon, kuma ban taɓa shiga falon da aka ajiye kujera haka ba.

To ka ga amfanin tef ɗin. Idan mita 2 da rabi ko 3 ke tsakaninka da bango, kuma inci 32 kuɗinka zai iya saye, kada ka ƙara ko kwabo don neman Full HD, idonka ba zai bambanta shi da HD Ready daga can ba. Idan akwai rarar kuɗi, girman allo za ka ƙara. Inci 43 mai Full HD ya fi inci 32 kowane iri daɗin kallo a wannan tazarar. Mutane suna raina wannan lissafi saboda sun saba da tsohon talabijin wanda allonsa ya kusa zama murabba'i, 4 a kwance 3 a tsaye. Na yanzu 16 ne da 9, ya fi faɗi amma gajere ne. Mai inci 32 na yanzu tsayin allonsa santimita 40 ne kacal, daidai da na tsohon mai inci 26. Da yawa sukan kai shi gida su rataye, sai su ga ya ƙanƙance a bango. Mai inci 43 yana da faɗin santimita 95 da tsayin 54. Ka yanka tsohon kwali a wannan girma ka kara a bango ka koma kujerarka ka duba, za ka san ko ya yi maka.

Maganar 4K kuwa, a yau yawancin sababbin talabijin daga inci 43 zuwa sama 4K ake yin su, ko ka nema ko ba ka nema ba. Idan wanda ya yi maka ya zo da shi a farashi ɗaya, ɗauka, ba laifi ba ne. Abin da nake hana ka shi ne rage girman allo ko karɓar mai dusasshen hoto don kawai a ce kana da 4K.

Dalili kuwa yana cikin faya-fayen naka. Talabijin ba ya ƙirƙirar hoto, abin da aka ba shi yake shimfiɗawa. Faifan DVD yana ɗauke da ɗigo 720 a kwance da 576 ko 480 a tsaye, gwargwadon tsarin ƙasar da aka buga shi. Mai 576 ɗin, wanda ya fi, kashi ɗaya ne cikin 5 na Full HD, kashi ɗaya cikin 20 na 4K. Ma'ana idan ka saka DVD a allon 4K, cikin kowane ɗigo 20 da kake gani guda ne ya fito daga faifan, sauran 19 talabijin ɗin ne ya yi kirdadon launinsu ya cike gurbi. Mai tsada yana da ƙwaƙwalwar da ta iya wannan cikon, mai araha yakan dama hoton ya zama kamar an shafa masa mai. Shi ya sa ga mai tarin DVD da ƙaramin aljihu nake ganin inci 40 zuwa 43 ya fi dacewa. Idan ka haura zuwa 55 ko 65, duk wani aibin da tsohon talabijin ɗinka yake rufawa zai fito fili. Idan kuwa akwai VCD a cikin tarin, wanda ɗigonsa 352 ne kawai a kwance, ka shirya haƙuri tun yanzu.

An taɓa kirana wani gida, mai gidan ransa a ɓace, ya ce sabon talabijin ɗin da ya saya mai inci 50 bai kai tsohon kyan hoto ba, an cuce shi. Na duba: fuskokin mutane sun yi laushi, rubutun ƙasan allo yana rawa, gefen jajayen kaya yana zubar da launi. Na leƙa baya da tocila, sai ga wayoyi uku, rawaya da ja da fara, waɗanda ya ciro daga tsohon talabijin ya soka a sabon. Rawayar nan ita kaɗai ke ɗaukar hoto, kuma ba ta iya ɗaukar HD ko ana ha-maza ha-mata. Na zare su, na soka wayar HDMI da ke jakata, wadda ke ɗaukar hoton HD da sauti tare, na shiga saitin na'urarsa na ce ta fitar da 1080p. Bai ce komai ba, ya jawo kujera ya zauna. Talabijin ɗin lafiyarsa ƙalau tun farko.

Yanzu ga irin allon. Kusan duk abin da za ka gani a farashi mai sauƙi LCD ne da aka jera wa ƙananan fitilun LED a bayansa, shi ake kira LED a taƙaice. QLED ma LCD ne, an ƙara masa wani shimfiɗi da ke ƙara wa launi ƙarfi. OLED daban yake, kowane ɗigo ke haska kansa, baƙinsa baƙi ne ƙirin, amma ba na mai lissafin aljihu ba ne. Har yanzu mutane na kiran duk talabijin na bango filasma, alhali Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera filasma na gaske tun 2014. Idan wani ya tallata maka na hannu, ka san ya haura shekara 10, yana shan wuta, yana zafi, kayan gyaransa kuma sun yi wuya. Hotonsa yana da kyau, ni ma ina kewarsa, amma ba zan ba mai sayen farko shawarar ɗaukarsa ba.

A cikin LCD ɗin akwai iri biyu da kwali ba ya cika faɗa, kuma bambancinsu ya fi na HD Ready da Full HD bayyana a ido. Allon VA yana da baƙi mai zurfi, fim yana fitowa da kyau da dare, amma idan ka koma gefe launi yana koɗewa. Allon IPS yana riƙe launinsa ko daga ina ka zauna, sai dai baƙinsa toka-toka ne idan an kashe fitilar ɗaki. Ba sai ka tambayi kowa ba. Ka tsaya gaban talabijin ɗin, ka riƙa takawa gefe idonka na kan fuskar mutumin da ke allo. Idan fatar ta yi fari-fat tun ba ka yi nisa ba, VA ne. Idan iyali ne da yawa, wasu a kujerar gefe wasu a ƙasa, ɗauki mai riƙe launi. Idan kai da mutum ɗaya ko biyu ne kuke zama a gaba da dare, VA ya fi.

Sauran lambobin kwalin yawancinsu ado ne. Za ka ga an rubuta bambancin haske da duhu miliyan kaza bisa ɗaya, kowane kamfani da yadda yake auna nasa, ba a kwatanta su. Za ka ga 120 ko 200 kusa da kalmar motsi, alhali allon masu araha sau 50 ko 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa, kuma ya ishe ka, tunda fim hoto 24 ne a daƙiƙa. Tambarin HDR, tsarin da ke ƙara tazara tsakanin haske da duhun hoto, a ƙaramin talabijin yana nufin yana gane siginar, ba yana nufin yana da hasken nuna ta ba, wani lokaci ma hoton duhu yake ƙarawa. Smart kuwa, wato mai shiga intanet da kansa, yana da amfani idan kana da intanet mai ƙarfi, amma manhajojin ciki sukan tsufa su daina aiki allon yana nan garau, kuma ɗan akwatin da ake sokawa a HDMI yana maye gurbinsu da kuɗi kaɗan. Abin da zan ce ka ƙirga da yatsa shi ne ramukan HDMI. Biyu sun yi kaɗan, domin na'urar faifai ta ci ɗaya, dikoda ta ci ɗaya, shi ke nan. Nemi uku, ɗaya a ciki an rubuta masa ARC, wanda ta nan za ka haɗa lasifika nan gaba. Idan kana kama tashoshi da eriya, tabbatar tsarin kamun talabijin ɗin ya dace da na ƙasarka: DVB-T2 ake amfani da shi a Turai da yawancin Afirka da Asiya, ATSC a Amurka ta Arewa, ISDB-T a Japan da akasarin Amurka ta Kudu. Wanda aka shigo da shi daga wata nahiya yana iya kasa kama ko tasha ɗaya. Ka duba takardar bayansa kuma ka ga ƙarfin wutar da yake ɗauka, mai volt 100 zuwa 240 yana aiki ko'ina, mai 120 kaɗai zai ƙone a wutar 230.

Sai na'urar faifai. Amsata a taƙaice Blu-ray, ta talakawa, ba mai 4K ba. Duk na'urar Blu-ray tana karanta DVD, don haka tarinka bai tashi a banza ba, kuma galibi ta fi na'urar DVD mai araha iya ɗaga hotonsa zuwa 1080p. Ita kuwa na'urar DVD ba za ta taɓa karanta Blu-ray ba, ko an rubuta HD a goshinta. Bambancin a hasken da ke karatun yake. DVD, wanda ya fito a Japan a 1996, jan haske yake amfani da shi mai tsawon zango nanomita 650, faifansa yana ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5. Blu-ray ya zo a 2006 da shuɗin haske mai nanomita 405, wanda ya fi siriri, shi ya sa faifai mai girma ɗaya yake ɗaukar gigabait 25 ko 50. Wannan sararin ne ke ba shi damar ɗaukar cikakken 1080p. Hotonsa yana iya gudu har megabit 40 a daƙiƙa, yayin da Netflix ke cewa megabit 5 ya isa kallon 1080p ɗinsu. Sunan ɗaya ne, matsin da aka yi wa hoton ne ba ɗaya ba, kuma a wurin duhu ko hayaƙi ko ruwan sama za ka ga bambancin. Ga shi faifai ba ya cin data, ba ya tsayawa yana juyi a tsakiyar fim.

Sharaɗi ɗaya ne zai sa in ce ka tsaya a DVD: idan ka duba ka ga ba ka da hanyar samun faya-fayen Blu-ray, ba ka kuma da niyyar nemansu. To a nan sayi na'urar DVD mai ramin HDMI, ka mayar da ragowar kuɗin kan talabijin. Mai wayoyi uku kaɗai kada ka karɓa ko kyauta aka haɗa maka. Ka kuma sani cewa na'urorin Blu-ray da aka ƙera daga 2014 ba su da ramin rawaya sam, dokar kare faifai daga kwafi ce ta cire shi, HDMI ne kawai hanyar hoto. Ultra HD Blu-ray, mai 4K, ya fito a 2016, na'urarsa da faifansa duk sun fi tsada, kuma a inci 43 daga mita 3 ba za ka ga abin da ka biya ba.

Kasuwar waɗannan na'urori ta tsuke. Oppo ta daina yi a 2018, Samsung ta daina fitar da sababbi a 2019, Sony da Panasonic su ne sunayen da aka fi gani. Saboda haka mai yiwuwa ta hannu za ka samu, kuma ba aibi ba ne idan ka gwada. Je da faifai biyu, DVD ɗaya Blu-ray ɗaya, domin hasken da ke karanta kowanne daban ne, na sha ganin na'urar da ke kunna DVD lafiya amma ta mutu a ɓangaren Blu-ray. Saka faifan ka kasa kunne. Idan tana ƙara, tana juyawa tana tsayawa, ko ta daɗe kafin ta nuna komai, idon da ke karanta faifan ya gaji. Tsallaka zuwa ƙarshen fim ka bar shi ya yi minti biyar, nan rauni ke fara bayyana. Kada ka bar rimot a baya, da yawansu ba a shiga saitinsu sai da shi. Idan ka ga wadda aka rubuta wa HD DVD, wuce. Tsarin Toshiba ne da ya yi takara da Blu-ray, Warner ta juya masa baya a Janairun 2008, Toshiba ta janye a Fabrairun shekarar, daga baya aka daina buga faifansa.

Abin da ya fi kama mutane shi ne kullen yanki. An raba duniya shiyya 6 a DVD: 1 Amurka da Kanada, 2 Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya, 3 kudu maso gabashin Asiya, 4 Latin Amurka da Ostareliya, 5 yawancin Afirka da Rasha da Indiya, 6 Sin. Blu-ray kuma uku ne: A nahiyar Amurka da Japan da Koriya, B Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C Sin da Rasha da Indiya. Juya kwalayen faya-fayenka ka duba ɗan hoton duniya da lamba a ciki. Idan ALL ko 0 ne, ko'ina zai yi. Idan lambobin sun bambanta, nemi na'urar da aka buɗe wa duk shiyyoyi, kuma ka lura cewa buɗewar DVD ba ita ce buɗewar Blu-ray ba. Wani tarkon kuma, kayan da aka yi wa kasuwar Amurka da yawansu ba sa nuna faifan da aka buga a tsarin da ke sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, sai sauti ya fito allo ya yi baƙi. Maganin duk wannan ɗaya ne, ka gwada da faifanka na gida.

Idan akwai na'urar wasa a gidan, duba ta kafin ka kashe kuɗi. PlayStation 3 da 4 suna kunna DVD da Blu-ray, sai dai ta 4 tana buƙatar a haɗa ta da intanet sau ɗaya kafin ta fara, kuma ba ta kunna CD na sauti. Xbox One S da PlayStation 5 mai ramin faifai har na 4K suna karantawa.

Idan ni ne zan raba kuɗinka gida 10, bakwai na talabijin ne, biyu na na'ura, ɗaya na wayar HDMI da abin kare kaya daga hawa da saukar wuta. Wayar HDMI kada a ruɗe ka da mai ruwan zinariya. Siginar lambobi ce, ko ta iso ko ba ta iso ba, mai araha da aka rubuta wa High Speed hoto ɗaya take bayarwa da mai tsada a tsawon mita 2. Sauti kuwa, siraran talabijin ba su da cikin da zai fitar da murya mai kauri, amma wannan zai iya jira, tsohuwar rediyo mai ramin shigar sauti ma tana rage zafi. Kafin ka biya, a buɗe kwalin a gabanka a kunna. Sa hoto fari fes, sannan baƙi, ka matso ka nemi ɗigon da ya mutu ko ya maƙale a launi ɗaya, ka duba ko haske yana tsiyaya daga kusurwoyi. Karɓi takardar garanti mai lambar da ta yi daidai da ta bayan talabijin ɗin.

Ranar da ka kafa shi, idan ya tambaye ka gida ko shago, zaɓi gida. Fita daga yanayin Vivid ko Dynamic ka koma Cinema ko Movie, ko Filmmaker Mode idan yana da shi. Da farko za ka ga kamar hoton ya yi ja-ja ya dushe, ba shi kwana biyu, idonka ne ya saba da shuɗin hasken shago. Kashe abin santsin motsi, wanda Samsung ke kira Auto Motion Plus, LG TruMotion, Sony Motionflow, shi ne ke mayar da fim kamar an ɗauka da kyamarar waya. A girman hoto zaɓi Just Scan ko Screen Fit don kada ya yanke gefuna, kuma baƙaƙen layukan da ke sama da ƙasan wasu finafinai ba matsala ba ce, fim ɗin ne ya fi allon faɗi, idan ka ja shi ya cika kawunan mutane za su miƙe. Sannan ka rage hasken baya zuwa wajen rabi ko sama kaɗan. Cikin talabijin masu araha da ake kawo mini teburin gyara, ciwon da na fi gani shi ne sauti yana fita allo ya yi duhu, idan na haska tocila a jikin gilashin sai in hango hoton yana motsi a ciki. Fitilun baya ne suka ƙone, kuma idan na gyara na shiga saiti, kusan kullum a ƙure nake tarar da hasken, yadda ya fito daga kwali.